Tambaya da Amsa: Shin Tsatsa Za Ta Iya Raba Ruwa Gida Biyu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun ilimin sinadarai a nan Damagaram. Malaminmu ya ambata cewa wani sinadari da ake rubutawa FeOOH, wanda ya ce ɗan'uwan tsatsa ne, yana taimakawa wajen raba ruwa don a samu iskar haidurojin. Ina roƙon a bayyana mini halayensa, kuma in har yana da arha haka, me ya hana duniya ta koma gare shi? Daga wata ɗaliba, unguwar Birni.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƴata. Malaminku ya faɗi gaskiya, har ma ya rage, domin kaso mai yawa na tsatsar da kike gani a jikin tsohon ƙarfe bayan damina wannan sinadarin ne da kansa. Haruffan suna nufin ƙwayar ƙarfe ɗaya da oksijin biyu da haidurojin ɗaya, kuma yana zuwa a siffofi dabam-dabam gwargwadon yadda ƙwayoyin suka jeru. Mafi yaɗuwa ita ce gotayit, mai launin rawaya-rawaya ko ruwan ƙasa, wadda aka sa wa sunan marubucin Jamus Goethe a 1806, kuma tana nan cikin marmara da tamar da maƙeran dauri suke narkawa. Idan ta ji wuta sai ta saki ruwan da ke jikinta ta rikiɗe ta yi ja, abin da duk mai ginin tukwane a Mirriya ya sha gani a yumɓunsa bayan gashi.

Ruwa ba ya rabuwa da daɗin rai. A lissafi, bolt 1.23 na lantarki ya isa ya raba shi, amma a aikace injinan masana'antu sukan buƙaci tsakanin 1.8 da 2, kuma wannan rarar zafi take zama ta tafi a banza. Ana tsoma farantai biyu masu ɗauke da lantarki a ruwan, ɗaya yana fitar da haidurojin, ɗayan kuma oksijin. Ɓangaren oksijin shi ne mai nawa, saboda kafin ƙwayar iskar guda ta fita dole a zare ilektaron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, guda huɗu daga ƙwayoyin ruwa biyu, sannan a ɗaura auren oksijin biyu da ba su san juna ba. Aikin mai zaburarwa, wato sinadari irin FeOOH da ake shafawa a faranti don ya hanzarta rabuwar, shi ne na dillali: ya riƙe su a jikinsa, ya kusanto da su, ya sake su, shi kuma bai ƙare ba. Waɗanda suka fi ƙwarewa a wannan aiki cikin ruwa mai asid su ne sinadaran ƙarafan nan masu wuyar samu, iridiyam da ruteniyam, sai dai iridiyam ɗin da duniya take haƙowa a shekara bai kai tan goma ba, kuma galibinsa daga Afirka ta Kudu yake fitowa. Wannan ƙarancin ne ya sa masana suka waiwayo kan ƙarfe.

To, amma FeOOH shi kaɗai yana da aibi, kuma ban ga amfanin ɓoye miki shi ba. Lantarki ba ya ratsa shi da sauƙi, don haka idan aka shafa shi da kauri, ƙwayoyin da ke manne da farantin ne kawai suke aiki, sauran suna zaman ƴan kallo. Asid yana narkar da shi, shi ya sa ake amfani da shi a ruwa mai kaifi irin na toka da kanwa; can ma, idan aka matsa masa da lantarki mai yawa, yakan zagwanye a hankali ya bi ruwa.

Darajarsa tana bayyana ne idan ya samu abokin tafiya. A 1987 wani mai bincike a kamfanin General Motors na Amurka, Dennis Corrigan, ya nuna cewa ɗan gurɓin ƙarfe ƙalilan a jikin farantin nikel yana ƙara masa saurin fitar da oksijin ƙwarai. A 2014 masana a Jami'ar Oregon suka tace ruwan gwajinsu tas har babu ɓurɓushin ƙarfe, sai nikel ɗin da aka daɗe ana yabo ya zama malalaci. Ashe shekara da shekaru tuwon na ƙarfe ne, ana ba wa nikel suna. Bayan shekara guda wani bincike a Kaliforniya ya nuna cewa idan ƙarfen ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, yakan ware ya koma FeOOH zalla, ribar kuma ta daina ƙaruwa. Haka nan ana shafa shi siriri a kan farantan da ke raba ruwa kai tsaye da hasken rana, kamar yadda farfesa Kyoung-Shin Choi da abokan aikinta suka yi a 2012 da 2014, inda a karo na biyu suka ɗora shimfiɗar nikel a kansa.

Game da abin da ya hana duniya komawa, ki sani cewa kuɗin mai zaburarwa ƙaramin kaso ne na ɗawainiyar. Kilo ɗaya na haidurojin yana cin sama da kilowat-awa 50 na lantarki da aƙalla lita 9 na tataccen ruwa, kuma duk wanda ya taɓa jiran ɗan garuwa a watan Afrilu a garin nan ya san cewa lita tara ma lissafi ce. Saboda haka har yanzu kusan dukkan haidurojin da matatun mai da masana'antun takin zamani suke amfani da shi daga iskar gas da kwal ake samo shi, domin ya fi arha.

TAMBAYA: Malam, ni mai walda ne a Zango. Ina da batirin sola da tarin ƙarfe mai tsatsa; zan iya haɗa iskar haidurojin da kaina in riƙa yin walda da ita?

AMSA: Malam, ina roƙonka kada ka gwada. Tsatsar shago gauraye take da maiko da fenti da ƙura, kuma ɓamɓarowa take yi, alhali wadda masana suke aiki da ita shimfiɗa ce da ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, wadda ake ɗorawa a kan farantin da lantarki. Babban abin tsoro kuma shi ne iskar kanta, domin haidurojin ba shi da wari ko launi, yana kama wuta da zarar ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, kuma idan ya taru da oksijin a tulu guda, tartsatsi ɗaya ya isa ya tarwatsa tulun, ga shi kuwa shagon walda ba ya rabuwa da tartsatsi. Idan ka zuba gishiri don ruwan ya ɗauki lantarki, iskar kulorin mai ƙona huhu za ta fito tare, idan kuma soda mai ƙuna ka sa, ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa. Injinan gaskiya suna da shamaki na musamman a tsakanin farantan biyu wanda yake hana iskokin gamuwa, tare da na'urar da ke tare wuta idan ta juyo baya ta cikin tiyo.