Amsoshin Wasiƙunku: Mai Keke da Mai Tallar Nono a Gaɓar Kanal

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin shinkafa ne a yankin noman rani na Bakolori, kuma tun da man fetur ya yi tsada na jingine babur ɗina na koma kan tsohon kekena, da shi nake bin gaɓar kanal zuwa gona safe da yamma. Wata ranar Talata, ina ɗauke da buhun shanshera a kan kariya zan kai kasuwa, na hango wata yarinya ’yar Fulani a gabana da ƙwaryar nono a ka. Na kaɗa ƙararrawa har sau uku, amma maimakon ta kauce sai ta faɗo ɓangaren da na nufa, kan keken ya buge ta, ƙwaryar ta fashe, ita kuma ta ƙuje a gwiwar hannu. Mai unguwa ya ce in biya nono da ƙwarya da kuɗin magani. Na biya, amma har yau zuciyata ba ta kwanta ba, domin a ganina na yi abin da ya wajaba a kaina. Shin wa ya fi haƙƙi a kan irin wannan hanya, kuma an yi mini adalci?
Daga wani manomi, Talata Mafara, Jihar Zamfara.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan’uwa. An yi maka adalci, kuma zan yi ƙoƙarin nuna maka dalili, domin wanda ya biya kuɗi ba tare da ya gamsu ba yakan ci gaba da tuƙi yadda ya saba.

Mu fara da hanyar kanta. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gina a kan Kogin Sakkwato aka kammala a 1978, an tsara ta ne domin ta shayar da kimanin hekta 23,000, kuma hanyoyin da ke bin gefen magudanan ruwanta an yi su ne domin ma’aikata su riƙa kewayawa suna duba ƙofofin ruwa da yashe laka. Babu wanda ya zauna ya auna su da nufin su ɗauki jama’ar da ke binsu a yau: masu keke, da ’yan kabu-kabu, da masu jakuna da amalanke, da garken shanu mai neman mashaya, da mata masu talla, da yara ’yan makaranta. Ka ga ke nan kai da yarinyar nan duk baƙi ne a kan hanyar da aka yi domin wani aiki dabam, babu ɗayanku da zai ce tasa ce. Abin da ya ƙara cunkushe ta kuwa ka faɗe shi da bakinka. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin ’yan kwanaki, mutane da yawa suka kakkaɓe kekunan da suka daɗe a rataye, alhali faɗin gaɓar kanal yana nan yadda yake. Wasunsu ma sun hau keken da hannun babur, wato suna tsammanin a dare musu kamar yadda ake darewa idan an ji ƙarar inji, sun manta cewa keke ba ya sanar da zuwansa.

Sai maganar ƙararrawar da ka kaɗa, wadda a kanta ka jingina hujjarka. Mai keken da ke tafiyar kilomita 20 a sa’a yana cin fiye da mita biyar a kowane sakan guda, mai tafiya a ƙasa kuwa ba ya wuce mita ɗaya da rabi. Idan ka kaɗa ƙararrawa kana tazarar mita goma daga bayanta, ka ba ta sakan biyu da ɗoriya ke nan ta ji, ta gane daga ina ƙarar ta fito, ta yanke shawarar inda za ta nufa, sannan ta ɗaga ƙafa. Yanzu ka tuna yadda mai ɗauke da ƙwaryar nono take tafiya. Wuyanta a miƙe yake a kan gammo, ba ta iya waiwaye sai ta juya da dukan jikinta, kuma duk motsin da ta yi da gaggawa nonon ne zai zubo mata. Irin wannan idan ta ji ƙara a bayanta, ƙafa ce ke yanke hukunci kafin ido, shi ya sa ta faɗo maka. Kai kuwa kana ganinta tun daga nesa, ka san nauyin da ke bayanka, ka san halin birkinka, musamman in irin tsohon keken nan ne mai birkin sanda wanda da zarar wili ya taɓa laka ko raɓa sai ya riƙa zamewa. Akwai kuma lissafin da direbobi suka sani: idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da ake buƙata kafin a tsaya takan ninka sau huɗu, ballantana an ɗora wa birki buhun shanshera. Duk wannan ilimin yana wurinka, ita ba ta da ko ɗaya daga ciki. Ƙararrawa ta sanar da ita cewa kana tafe, amma ba ta sauke maka wajabcin rage gudu ba, kuma a wasiƙarka ban ga inda ka ce ka taɓa birki ba.

Hukuncin mai unguwa yana da tushe a fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an faɗa a sarari cewa mai kora dabba, da mai janta, da mahayinta, su ne ke da lamunin abin da ta tattake. Idan an ɗora wa mahayin jaki lamuni, alhali jaki yana da ransa kuma yana iya yin gaban kansa, to mai keke ya fi cancanta, tunda ƙarfe ba ya zuwa ko’ina sai inda aka karkata shi. Haka kuma hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa mahayi ne ke yi wa mai tafiya a ƙasa sallama, kuma daga cikin hikimomin da malamai suka ambata akwai cewa wanda ke sama shi ya kamata ya fara ƙanƙan da kai, ya kuma kwantar wa na ƙasa da hankali cewa ba zai cutar da shi ba. Ni dai ina ganin da masu keke za su ɗauki ƙararrawa a matsayin sallama, da rabin rigimar gaɓar kanal ta mutu, domin mai sallama yakan dakata ya ji an amsa kafin ya shiga.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A Ingila akwai magudanan ruwa da aka haƙa tun ƙarni na 18 domin jiragen dakon kaya, kuma a gefensu akwai siririyar hanya da dawaki ke bi suna jan jiragen da igiya. Dawakin sun daɗe da barin aikin, hanyoyin suka koma hannun masu yawo da ƙafa, da masu kamun kifi, da masu keke da ke gudun cunkoson titi, kuma su ma suna ta kai ruwa rana a kan abin da ya dame ka. Hukumar da ta karɓi kula da kusan mil 2,000 na waɗannan magudanai a 2012 ta bai wa mai tafiya a ƙasa fifiko a kansu, sannan a watan Janairun 2022 aka gyara kundin ƙa’idojin hanya na Birtaniya aka rubuta cewa wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar nauyin kiyayewa. Na kawo wannan ne domin ka ga cewa mutanen da ba su san mai unguwarku ba sun isa inda ya isa.

Ba na cewa masu keke ne kaɗai ke da laifi a wannan hanya. Duk wanda ya bi ta lokacin girbi ya ga yadda ake baza tamfol a shanya shinkafa har sai abin da ya rage bai wuce faɗin taya ba, a jera duwatsu a gefe domin kada a taka, wani lokaci kuma a bar su nan bayan an kwashe shanyar, mai keken da ya taho da duku-duku ya ci karo da su. Akwai masu ɗaure jaki da doguwar igiya ta gitta hanya, akwai matasan da ke jerawa su huɗu su biyar suna hira, su ji ƙararrawa su yi kunnen uwar shegu. Waɗannan duka sun saɓa wa haƙƙin hanya da Annabi (SAW) ya lissafa, wanda kamewa daga cutar da mutane yana cikinsa, kuma da a kan dutsen mai shanya ka faɗi, da amsata ta sha bamban. Amma yarinyar nan tafiyarta kawai take yi a inda kowa ke tafiya. Shawarata ita ce, idan ka sake hango mai kaya a ka, ko tsoho, ko yaro, ka sauko da gudunka zuwa na mai tafiya da ƙafa tun kana nesa, ka yi magana da baki, ka ce “gafara dai, ta hagunki zan bi,” domin murya tana gaya wa mutum inda kake, ƙararrawa kuwa firgita shi kawai take yi. Inda hanyar ta tsuke, sauka ka tura, ba zai ci maka minti guda ba.

Tambaya: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni uwa ce, ’ya’yana uku suna bin gefen kanal zuwa Islamiyya, su dawo dab da magariba. Samari masu keke suna tsere a wurin, babu fitila babu ƙararrawa, kuma kwanan baya saura ƙiris su tura ƙaramin cikin ruwa. Na yi wa iyayensu magana an ce na cika mita. Wane gefe ya kamata in ce wa yaran su riƙa bi, kuma wa zan kai wa kuka?
Daga wata uwa, Ƙaramar Hukumar Maradun.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa, kuma wannan ba mita ba ce. A kan titin mota ƙa’idar a bayyane take: tun ranar 2 ga Afrilun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, abin hawa yana riƙe damansa ya wuce na gabansa ta hagu, mai tafiya a ƙasa kuma, inda babu gefen da aka ware masa, ya fuskanci abin hawan da ke tahowa domin ya gan shi. Gaɓar kanal tana da wani abu da titi ba shi da shi, wato ruwa a gefe guda. Inda aka shafe bangon kanal da siminti, gansakuka takan sa shi santsi, ga gangara, kuma idan an saki ruwa ko babba ya faɗa yakan sha wuya kafin ya sami abin kamawa. Saboda haka ki koya musu abu guda wanda ba ya canzawa da zuwa ko dawowa: su bi gefen gona, su bar gefen ruwa, su jeru ɗaya bayan ɗaya, babbansu a baya domin shi ne zai fara jin abin da ke tahowa. Ki kuma gaya musu cewa idan sun ji keke a bayansu su tsaya cak a inda suke, kada su watse, domin mai keke yana iya kauce wa wanda ke tsaye, amma yara uku da suka tarwatse ba ya iya kauce musu duka. Wanda ya san ya kamata a cikin masu keke shi zai ɗauki gefen ruwa da kansa, tunda in an yi kuskure shi ne ya fi yaro ƙarfin fitowa.

Game da inda za ki kai kuka, jami’an kiyaye haɗurra na tarayya, waɗanda aka kafa hukumarsu a 1988, aikinsu yana kan manyan tituna ne, da wuya ki gan su a bakin kanal. Waɗanda ke da ta cewa a nan su ne mai unguwa, da limamin masallacin da samarin ke salla, da shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa ta sashenku, irin ƙungiyoyin da aka ƙarfafa a ƙarƙashin shirin gyaran noman rani na TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, wanda Bakolori na cikin wuraren da ya shafa. Shugabannin ƙungiyar ne ke tsara rabon ruwa da yashe magudanai, saboda haka kula da gaɓar ma yana wuyansu. Kada ki je ke kaɗai. Ki nemi mahaifin yaranki ya haɗa kai da malamin Islamiyyar da iyaye biyu ko uku, su tafi da buƙata ƙayyadajjiya wadda za a iya cewa an yi ko ba a yi ba: a hana tsere a wannan yanki daga la’asar sakaliya zuwa isha’i, kuma duk keken da zai bi wurin bayan faɗuwar rana ya ɗaura ’yar tocila a gaba, ko da irin mai caji ce da ake sayarwa a kasuwar Mafara. Idan malamin zai yarda ya riƙa sallamar ƙananan aji da minti goma sha biyar kafin manya, za su iso gida da sauran haske.