Tambaya da Amsa: An ɗora mini ɗaukar hoton bikin yayata

Tambaya: Assalamu alaikum. Saura mako uku bikin yayata, kuma an ce ni zan ɗauki hoto tunda ina da kyamara. Ƙaramar Canon ce, da ido (wato lens) na 18-55 da ta zo da shi, sai na 50 da na saya daga baya. Ban taɓa ɗaukar biki ba. Me zan tanada, kuma ina aka fi samun tangarɗa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri.

Ɗaurin aure za ka fi sa wa ido, don ba a maimaita shi. Daga wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, sau da yawa ko minti goma ba a cikawa. Ka isa da wuri, ka nemi izinin liman, ka tsuguna a gefe inda kake hangen fuskar wakili da ta waliyyi a tare. Kashe filasha da ƙarar kyamara. Ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 1600, saurin ɗauka kada ya gaza 1/125 na daƙiƙa.

Tangarɗar tana jiranka a waje. Rana ta take, kowa cikin farar shadda mai sheƙi. Kyamara in ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske da kanta, rigar ta fito tas, fuskar ango kuwa ta yi duhu, idanu sun shige rami. Fuska za ka auna. Ƙara haske da +2/3 ko +1, ka duba ko aikin babbar riga bai ɓace ba. Mafi sauƙi ma, ja mutane inuwar rumfa ko ta bango. Hoton taro kuma sa f/8, wato ka tsuke buɗewar idon kyamara don kowa ya fito sarai, ka danna sau huɗu, don ba a rasa mai ƙifta ido.

A wurin dina idon 18-55 zai ba ka kunya, domin in ka zuƙo shi zuwa 55 ba ya buɗewa fiye da f/5.6, haske kaɗan ke shiga. Koma na 50. Kada buɗewarsa har f/1.8 ta ruɗe ka: amarya za ta fito, ango ya yi hazo-hazo. Tsaya kan f/2.8, ka saita kan idon mutumin da ya fi kusa da kai. Lokacin rawa da liƙi a bar saurin a 1/250, ISO ya kai 3200 in ta kama. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana gyara shi, wanda ya girgiza kuwa sai gogewa. Filashar jikin kyamara tana mayar da kwalliyar amarya kamar toka. Ari filasha ta ɗorawa a kan kyamara, ka harba ta saman silin in fari ne. Fitilun nan masu shuɗi da ja kuma, roƙi mai ɗakin taro ya kunna farare lokacin yanka kek.

Tanadi: batir uku a cake tun dare, ba a dogara da wutar ranar biki. Memori biyu masu 64GB. A tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, kowanne zai ɗauki wajen hoto dubu biyu, kuma RAW ɗin ne ke ba ka damar ceto fuskar da ta yi duhu. Kowane dare ka kwafe a wuri biyu kafin ka kwanta. Kada ka sauya ido a fili ana ƙura.

Kamu da sa lalle taron mata ne. Ko da yake kai ɗan gida ne, ƙawayen amarya da matan aure ba duka ke son a ɗauke su ba. Samu ƙanwa ko gwaggo ta shige maka gaba, ta nuna maka dangin da ba a tsallakewa. Hoton lalle a bakin taga ya fi kyau, hannu bisa mayafi mara ado. Kuma kada ko ɗaya ya hau WhatsApp sai Yaya ta gani ta zaɓa.