Tambaya da Amsa: Shin "Munka Tahi" Kuskure Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a wata makarantar sakandare a Talatar Mafara. Duk lokacin da na rubuta "munka tahi" ko "shina zuwa" a insha'i, sai malaminmu ya soke su da jan biro, alhali kuwa haka iyayena suke magana. Ke nan Hausarmu ta Zamfara gurɓatacciya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Hausarku lafiyayya ce ƙalau, malaminka kuma bai zalunce ka ba. Abin da ka tashi kana ji a gida reshe ne na karin harshen yamma, wato Sakkwatanci, wanda ya game Sakkwato da Zamfara da Kabi har ya tsallaka Nijar, kuma masana harshe da dama suna ganin "munka" da "sunka" da "anka" sun girmi "muka" da "suka" da "aka".

Sai dai rubutun boko yana da tasa ƙa'idar, wadda aka gina galibi a kan Kananci. Tun daga ƙa'idojin da Hans Vischer, Baturen jami'in ilimi wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, zuwa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wannan kari ne ya zauna a littattafan makaranta, kuma da shi masu duba jarrabawa suke auna ɗalibi. Saboda haka a insha'i ka rubuta "muka tafi" da "yana zuwa" da "biyar" maimakon "biyat".

Amma idan maganar kakarka kake kawowa a cikin labari, ko kana rubuta waƙar Musa Ɗanƙwairo Maradun, to ka bar kalmomin yadda suka fito daga bakin mai su, ka kewaye su da alamar zancen wani. Raina yana sosuwa idan na ga an mayar da "yaz zaka" zuwa "ya zo" a baitin makaɗi, domin an rage gaɓa, amon waƙar ya karye.

Inda ɗalibai suka fi zubar da maki ma shi ne rabewar kalmomi da haruffa masu ƙugiya. Ka haɗe "yana" da "gidana" kowanne a matsayin kalma ɗaya, ka raba "ya ce", kuma kada ka manta da ƙugiyar da ta bambanta "baƙi" da "baki".