Tattaunawar 'yan aji biyar kan Vasco da Gama

Malama, kin ce yaranki suna kwafar amsar juna a intanet a tattaunawarsu kan Vasco da Gama, jagoran jiragen ruwa ɗan Portugal da ya je Indiya ta teku. Dalili shi ne tambayar. "Yaushe ya bar Lisbon?" amsarta ɗaya ce, 1497, na farko ya rubuta, saura su kwafa. Ki raba su shida-shida, ki ɗora taswira mai nuna Lisbon a Portugal, Malindi a Kenya da Kalikut a Indiya, sannan ki tambaya: me ya sa dadashin matuƙansa ya kumbura bayan watanni ba 'ya'yan itatuwa? Kowa ya rubuta jimla biyu kafin ya ga na wani.

Ki kuma kauce wa cewa shi ya "gano" Indiya. Matuƙin da ya ɗauka a Malindi a 1498 ne ya nuna masa hanyar.