Kar ka sake ka sa alif a jiƙon gahawar nan

Wa alaikumus salam yarona. Na ga hoton kwalbar da ka turo, na kuma saurari saƙon muryar har ƙarshe. Ka ce jiƙon gahawar da ka haɗa jiya a ruwan sanyi ya ƙi yin garau, laka na kwanciya a gindin kwalba, har wani kwastoma ya ce maka yana jin gari-gari a harshe, shine kake tambaya ko ka ɗan jefa alif kamar yadda ake wa ruwan rijiya. A'a. Alif zai bar maka ɗanɗanon nan mai ɗaure baki, kuma mutum ya biya kuɗinsa ne ya sha gahawa da ruwa, ba ruwanmu da ƙara masa wani abu a ciki.

Ni tun daga hoton na gane abu biyu, a bilenda ka niƙa, sannan ka matse ƙyallen. Ko ƙarya nake?

Bilenda sara take yi, wani ƙwaron ya fito ɓarzajje wani kuma ya zama gari lukui kamar fulawa, toh wannan lukui ɗin shine lakar da kake gani, yana bi ta ramin ƙyalle ya wuce abinsa. Injinmu na shago mai haƙora biyu shi za ka yi amfani da shi, ka buɗe shi sosai ya fito kamar tsakin masara. In ba wuta kuma dole sai bilenda a jannareto, ka riƙa dannawa kana sakewa kaɗan kaɗan, bayan nan ka zuba a rariyar tankaɗe ka girgiza, abin da ya zubo ƙasa ka ajiye shi gefe na dafawa da ruwan zafi, wanda ya tsaya a sama shine na jiƙo.

Maganar matsa kuwa na san abin da ya kai ka, don nima ya taɓa kai ni. Ka zuba giram 250 a ruwa lita 2, ka zo tacewa ka ga lita ɗaya da rabi kawai ta fito, ranka ya sosu, kana lissafin kofi nawa ne a rabin litar nan. Ai haka abin yake, garin gahawa yana riƙe ruwa kusan ninki biyu na nauyinsa, wannan ruwan ka ɗauka ka yi sadaka da shi. Lokacin da na fara, a ɗan shagona na farko wajen Terminus a Jos, murɗe ƙyallen nake kamar mai tatar koko har jijiyar hannuna ta tashi, ina ganin dabara na yi. Kwalba goma sha biyu na kai wa wani mai gidan abinci, washegari ya dawo min da tara, ya ɗaga ɗaya a rana ya ce oga duba nan. Kasan kwalbar kamar an zuba ƙasar Bukuru. Koko ana matse shi ne don garin ake so ya fito, mu kuma garin muke gudu, kuma matsar nan har ɗaci take ƙarawa.

Ga yadda za ka yi gobe. Jiƙon ya kwana awa 14 zuwa 16, a sanyin Jos ɗin nan musamman yanzu da hunturu ya shigo za ka iya barinsa kan kanta a rufe, amma in da a Abuja ne cikin watan Maris da zafi ke haura digiri 35 sai dai firij. Ka juya shi sau ɗaya kawai a farko don duk garin ya jiƙe, kar ka riƙa zuwa kana motsa shi kamar miya. Da safe ka ɗora rariya kan bokitin ƙarfe, ka shimfiɗa ƙyalle a kai, ka zuba a hankali ka bar shi ya ɗiga da kansa, ka je ka yi shara ko wanke kofuna.

Daga nan sai abin da uwarka ta fi ni sani, wato yadda ake barin gasara ta kwanta. Ka rufe shi ka sa a firij awa 6 ko ma ya ƙara kwana, lukui ɗin zai sauka ƙasa da kansa. Ka ɗauko a nutse kar ka girgiza, ka tsiyaye na sama, da ka ga baƙin layin nan ya fara tahowa bakin bokiti ka tsaya. Ɗan abin da ya rage, yatsa ɗaya ko biyu, ka shanye abinka ko ka zubar.

Sai yanzu takardar tace gahawa ta shigo. Kuskuren da yara ke yi shine su fara da takarda tun farko, minti biyar ta toshe, su tsaya suna zungurinta da cokali har ta fashe komai ya koma ciki. Takardar Melitta mai lamba 4 tana nan a durowar ƙasa, ka fara jiƙa ta da ruwa mai kyau ka zubar da ruwan don warin takarda ya fita ta kuma manne a mazurari. Ita wannan takardar ma wata mata ce a Jamus, Melitta Bentz, ta ƙirƙiro ta a 1908 don laka a kofi ta ishe ta, da takardar shanye tawada ta littafin ɗanta ta fara, kaga damuwar ba yau ta soma ba. Ka zuba kaɗan kaɗan, in ɗigon ya koma ɗaya ɗaya kar ka yi rowa, canza sabuwa. Ita ce ke kama man nan da kake gani yana ƙyalli a sama, ƙyalle da rariya ba sa iya tare shi duka. Wasu sun fi son man don yana ba gahawar kauri a baki, ni dai na kwalba na fi son a cire, ya fi kyan gani kuma ba ya saurin canza ɗanɗano. Tishu kuma ko da wasa, narkewa yake.

Ƙyallen kar ka wanke da Omo, ƙamshin ba ya fita. Ruwan zafi kawai, sau ɗaya a sati ka tafasa shi. Kuma ba ƙyallen zoɓo ba dan Allah, na ga ka rataye su ƙusa ɗaya.

Ka rubuta kwanan wata a jikin kowace kwalba, sati ɗaya ne iyaka a wajena, in NEPA sun ɗauke wuta firij ya huce yini guda kar ka sayar wa kowa. Na jiyan nan ma bai lalace ba, juye shi a bokiti ka bar shi ya kwanta yau da dare, gobe ka bi da takarda. In ka gama ka ɗaga kwalbar ka haska tocilar waya ta baya ka turo min hoto, ina so in ga hasken ya ratso ja kamar shayi. Ina nan Abuja har Alhamis in sha Allah.