Rabon kuɗi ke riƙe ƙungiyar kiɗa

Ka tambaye ni me ya sa wata ƙungiyar masu gita take yin shekara 40 tare, wata kuma ko shekara 3 ba ta rufawa sai ta watse. Ka kuma ce ko gwamma ka bar maganar ƙungiyar da kuke son kafawa da abokanka, ka koyi aikin DJ, kai kaɗai da kwamfutarka. To ɗana, buɗe kunnenka.

Mu masu haɗa sauti mu ne farkon zuwa wurin biki, mu ne ƙarshen tashi, shi ya sa muke ganin abin da 'yan kallo ba sa gani. In an tashi kana naɗe wayoyi, riƙa satar kallon inda ake ƙirga kuɗin liƙi. Mawaƙi ake manna wa kuɗi a goshi. Mai ganga yana can baya, riga sharkaf da gumi, tafin hannu ya yi kanta, babu wanda ya san sunansa. Idan ka ga shugaba ya juya baya ya ƙirga, sannan ya bi kowa yana danƙa masa abin da ya ga dama a dunƙule, to waɗannan ba za su daɗe ba, komai daɗin kiɗansu. Ran da suka watse za ka ji ana cewa saɓanin ra'ayi ne. Ruwa dai ba ya tsami banza.

A Turai da Amurka ma cutar ɗaya ce, sai dai tasu a takarda take. Kuɗin waƙa ta ƙofa biyu suke shigowa: akwai haƙƙin wanda ya tsara waƙar, akwai na faifan da aka naɗa. Wanda sunansa ke rubuce a matsayin mai waƙa zai yi ta karɓa duk lokacin da aka sa ta a rediyo, ko bayan shekara 30, shi kuwa wanda ya buga ganga yana iya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Akwai wata ƙungiya a Ingila, The Smiths, su huɗu, daga 1982 zuwa 1987. Mawaƙin da mai gita kowanne yana ɗaukar kashi 40 cikin 100 na kuɗin faifai da wasa, sauran biyun kashi 10-10. Mai gangar, Mike Joyce, ya kai su kotu, a 1996 alƙali ya ce kashi 25 ne haƙƙinsa. Har yau ba su sake hawa dandamali su huɗu ba, ba kuma za su sake ba, don ɗayansu ya rasu. Ka dubi R.E.M. ta Amurka: kowace waƙa sunan dukansu ake sa mata, ko wa ya kawo ta. Sun yi daga 1980 har 2011, suka rabu ana musabaha. U2 ta ƙasar Ayilan kuwa, mutum huɗun da ke cikinta tun 1976 suke tare. Ko Fela, da duk girmansa, bayan wasan Berlin na 1978 yawancin makaɗansa sun tafi kan maganar kuɗi, har da Tony Allen, mai gangar da shi ne ƙashin bayan wannan kiɗa.

Abu na biyu shi ne yawan bugawa gaban mutane, kuma wannan ba a sayensa. Kafin duniya ta san Beatles, shahararriyar ƙungiyar nan ta Ingila, tsakanin 1960 da 1962 sun sha zama a Hamburg ta Jamus suna kiɗa a mashaya awa da awanni kowane dare. Namu ma haka ne. Tal National a Yamai sukan yi awa 5 suna bugawa ba sauka, suna canja hannu. Etran de l'Aïr a Agadez 'yan gida ɗaya ne, tun 1995 suke bin bukukuwan aure da suna kafin a fara gayyatarsu waje. Mdou Moctar, mai gita ɗan Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, a katin memori, babu kamfani babu talla. Lokacin da Turawa suka neme shi, sun tarar da hannun da biki ya riga ya gasa. Wanda ya saba riƙe taron mata masu rawa bayan janareto ya ɗauke ya dawo, babban filin wasa ba zai firgita shi ba.

Yanzu maganar DJ. Gaskiyarka, kayan ba nauyi: filashi, abin sawa a kunne, sai kwamfuta. Ba ka raba kuɗi da kowa, ba ka jiran mai ganga ya dawo daga ƙauye. Amma rashin nauyin nan shi ne tarkon. Ƙungiya mai mota cike da lasifika ba ta iya yin gari biyu a dare ɗaya, DJ kuwa ana iya sa shi, kuma masu neman kaso a jikinsa za su sa shi. Avicii, ɗan Suwidin, ya kai ƙololuwa yana ɗan shekara 20 da 'yan kai. Tafiya ta cinye lafiyarsa, ya daina yawon wasa a 2016, ya rasu a Oman a 2018 yana da shekara 28. Sannan kiɗan rawa yayi ne, salon da ya cika fili bana baɗi an ƙosa da shi. Waɗanda suka daɗe a cikinsa, irin Daft Punk na Faransa, daga 1993 zuwa 2021, sun rufe fuskokinsu da kwalkwali, ba su cika yawon wasa ba, sukan ɓace shekaru kafin su fito da sabo. Kuma lura, su ma su biyu ne.

Ni ban hana ka koyon na'urar ba, koye ta, tana ciyar da gida a lokacin da babu biki babba. Amma in ƙungiyar kuke so, kafin ku karɓi gayyatar farko ku zauna da takarda, ku kira wani babba ya shaida. Ku rubuta kason kowa, da abin da za a cire na hayar kaya da mai da mota kafin rabo, da wanda zai riƙe asusu. A ƙirga kuɗi a kan tabarma, kowa yana gani. Ku rubuta amfilifaya ta waye in an saye ta da kuɗin taro. Kada ku manta da sunan ƙungiyar, don shi ya fi tsada in Allah ya ɗaukaka ku. Roger Waters ya bar ƙungiyarsu ta Ingila, Pink Floyd, a 1985, ya nemi kotu ta hana sauran amfani da sunan, aka yi ta ja har ƙarshen 1987 kafin a sasanta, sunan ya zauna a hannun waɗanda suka rage. In kun rubuta taku, kawo min in duba kafin kowa ya sa hannu.