Tambaya da Amsa: Haɗa Kundin Aikin Kiɗa da Wayar Hannu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin babbar sakandare ne a Argungu. Malaminmu na kiɗa ya ce kowa ya haɗa kundin aikinsa na wannan zango, wato sautin kiɗan da ya yi da rubutaccen bayani a kansa, domin a ba shi maki. Na naɗi kiɗan kalangu da wayata, amma da na tura ta WhatsApp sai sautin ya fito a dakushe, yana kuma tsatsagewa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Tsatsagewar ta samo asali ne tun lokacin naɗi. Kalangu yana da ƙarfin sauti, idan aka kusantar da waya gare shi sai ya fi ƙarfin makirufo, kuma ɓarnar da ta auku a nan babu manhajar da za ta gyara ta yadda ya kamata. Saboda haka ka sake naɗi. Ka ajiye wayar a kan kujera da tazarar taku biyu ko uku, ka sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ka, ka kashe fanka, sannan ka gwada na daƙiƙa 20 ka saurara kafin ka fara. Ɗaki mai labule da darduma ya fi ajin makaranta, domin bango da daɓen siminti suna mayar da amo.

Dakushewar kuwa daga WhatsApp take, domin yana matse saƙon murya ya rage masa inganci. Ka tura naka ta zaɓin aika fayil, zai isa yadda yake.

Idan manhajar naɗinka tana da tsarin WAV, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse shi ba, shi za ka zaɓa, ko da yake minti ɗaya yana cin kusan MB 10, alhali MP3, wanda matsattse ne, yana cin kusan MB 1. Ka adana ainihin fayil ɗin a Google Drive, ma'ajiyar fayil ta intanet, inda ake ba da GB 15 kyauta, saboda na sha ganin ɗaliban da aikin wata uku ya tafi tare da wayar da ta faɗa ruwa. Da Audacity, manhajar gyaran sauti wadda kyauta ce a kwamfuta, za ka iya yanke farko da ƙarshen sautin, amma ban ba ka shawarar ƙara masa ado ba, tunda hannunka malamin yake son ya ji.

Kowane fayil ka sa masa sunanka da ajinka da ranar naɗi, sannan ka tambayi malamin ko a filashi yake son karɓa.